Yaushe Wasan Kwamfuta Mai Hoto Garau Zai Yi Araha a Karkarar Kano?

Daga cikin tambayoyin da suka zama ruwan dare a bakin samarin da ke cika gidajen gem na Dambatta da Bichi da Minjibir da Kunchi da ƙauyukan da ke kewaye da su, akwai tambayar lokacin da wasan kwamfuta mai hoto garau, wanda ake yi wa laƙabi da 4K, zai sauko ya zama abin da talaka zai iya mallaka. Tambaya ce mai ma'ana, sai dai tana ɗauke da wani zato da ya kamata a warware tun da farko, wato zaton cewa araha wata rana ce guda da za a wayi gari a ga ta iso, kamar yadda farashin gero yake karyewa da kaka. Tarihin waɗannan na'urori bai nuna haka ba, domin abin da ke kan gaba kullum da tsadarsa, araha kuwa ta baya take biyowa, a kan kayan da masu hali suka gama yayinsu, kuma kafin ta ƙaraso karkarar Kano sai ta tsallake shingaye da dama waɗanda ba su da wata alaƙa da masana'antar da ta ƙera na'urar.

Duk hoton da ke kan fuskar talabijin ko kwamfuta ko waya an haɗa shi ne da ƙananan ɗigon haske masu launi, waɗanda ake kira fiksel, an jera su layi-layi kamar shuka a kan kunya. Allon da ake ce wa 720 yana da ɗigo 1,280 a kwance da 720 a tsaye, jimilla 921,600, kuma kusan wannan ne ma'aunin mafi yawan ƙananan wayoyin Tecno da itel da ke hannun matasa. Wanda ake ce wa 1080 yana da 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, wato ɗigo miliyan biyu da 'yan kai. Shi kuwa 4K yana da 3,840 a kwance da 2,160 a tsaye, jimilla 8,294,400, ninki huɗu cif na 1080, ninki tara na 720. Yawan ɗigon shi ne yake sa a ga ciyawar filin ƙwallo ɗaya-ɗaya, a ga gumi a goshin ɗan wasa.

Allon da zai nuna wannan hoto ba shi ne matsalar ba, domin talabijin mai 4K ta riga ta yi sauƙi, har ma ta zama ita ce aka fi gani a shagunan kayan lantarki idan girmanta ya kai inci 50. Wahalar tana wajen abin da zai zana hoton. Bambancin fim da wasa shi ne, fim an riga an ɗauke shi an ajiye, aikin na'ura kawai ta haska shi, amma wasa babu wanda ya san inda mai riƙe da pad, wato abin sarrafa wasan, zai juya, saboda haka dole kwamfuta ta lissafta kowane hoto ta zana shi nan take. Idan ana son motsi ya tafi sumul ba tare da tsinkewa ba, ana bukatar hoto 60 a kowace daƙiƙa, wanda ke nufin lissafin launi da haske da inuwar ɗigo kusan miliyan 500 kafin mutum ya ƙifta ido sau biyu. Ɓangaren da ke wannan aiki shi ne katin hoto, wanda 'yan kasuwa suke kira girafik kad, wani faifai ne da ake soka shi a cikin akwatin kwamfuta, mai ƙwaƙwalwarsa da fankokinsa, kuma a kwamfutar wasa yakan fi kowane ɓangare tsada.

Kamfanin Nvidia na Amurka, wanda ya mamaye wannan kasuwa, ya fitar da katin GTX 1080 Ti a 2017 a kan dala 699, kuma a lokacin an ɗauka cewa an kusa cimma gaci, tunda katin yana iya tafiyar da wasanni da yawa na zamaninsa a 4K. Da a ce wasannin sun tsaya a inda suke, da tuni maganar ta ƙare. Amma masu shirya wasanni ba sa barin ƙarfin na'ura ya zauna a banza. Duk ƙarin da aka samu sai sun nemo abin da zai cinye shi. A 2018 aka shigo da dabarar bin sawun haske, wato lissafin yadda haske yake dukan abu ya koma kan wani, domin ruwa da gilashi da inuwa su fito kamar na gaske, dabarar da ke da nauyi ƙwarai a kan kati. Babban katin 2018, RTX 2080 Ti, ya fara daga dala 999. Na 2022, RTX 4090, dala 1,599. Na watan Janairun 2025, RTX 5090, dala 1,999. Cikin shekara takwas ke nan farashin na kan gaba ya kusa ninkawa uku, a daidai lokacin da masu jira suke sa ran faɗuwarsa.

Akwai kuma dalilin da ya fi son kuɗin kamfani girma, shi ne cewa 'yan wasa sun daina zama su kaɗai a layin sayen katin. An gano cewa irin lissafin da yake yi ya dace da haƙar kuɗin kirifto, saboda haka a 2017, sannan a 2020 da 2021, masu haƙar kuɗin Ethereum suka riƙa kwashe katunan da yawa suna jerawa a rumbuna, har farashin kasuwa ya ninka na kamfani. (Wannan ita ce haƙar gaske, mai cin wuta da na'ura, ba ƙwanƙwasa fuskar waya da matasan Arewa suka duƙufa a kai a 2024 suna kiransa mainin ba.) Ethereum ta daina amfani da wannan hanya a watan Satumban 2022, aka ɗan numfasa, sai ga manhajar ChatGPT a watan Nuwamban shekarar, kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suka shigo da kuɗin da babu ɗan wasan da zai iya ja da su. Manyan ƙwaƙwalen waɗannan katuna kusan duk kamfani guda ne yake ƙera su, wato TSMC na Taiwan, kuma abin da masana'antarsa za ta iya fitarwa yana da iyaka. Wanda ya fi biya shi ake fara sallama. A yau mafi yawan kuɗin shigar Nvidia daga cibiyoyin sarrafa bayanai yake zuwa, wasa ya koma ƙaramin reshe.

Ko a ƙasashen da ke da wuta da kuɗi abin bai zama gama-gari ba. Ƙididdigar da dandalin Steam yake fitarwa kowane wata, wanda shi ne babbar kasuwar wasannin kwamfuta ta duniya, ta nuna cewa har zuwa 2024 fiye da rabin masu amfani da shi a kan allon 1080 suke wasa, masu 4K kuwa ba su kai ɗaya cikin goma ba. Abin da ya yaɗu shi ne 4K na dabara: na'ura ta zana hoton da ɗigo kaɗan, sannan ta yi hasashen sauran ta cike gurbin. Na'urar wasa ta PlayStation 4 Pro ta 2016 da irin wannan hanya ta yi tallar 4K, Nvidia ta kira tata DLSS, kamfanin AMD ya kira tasa FSR a 2021. Dabarar ta yi kyau har ido yakan kasa rarrabewa, kuma a ra'ayin mai wannan rubutu ta nan ne araha za ta shigo, ba ta hanyar karyewar farashin manyan katuna ba.

Shinge na farko naira ce, domin duk wannan lissafin dala ne, matashin Makoɗa ko Tsanyawa kuwa da naira yake saye. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Bayan an saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin shekarar, sai ga ta ta haura 1,500 a 2024. A kan wannan canji, katin dala 1,999 ya tashi wajen naira miliyan uku tun kafin a sa kuɗin dako da na kwastan da ribar ɗan kasuwa, kuma kati kaɗai ke nan, ba a sayi sauran kwamfutar da allonta ba. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, saboda haka ma'aikacin da ke wannan mataki sai ya tara albashin fiye da shekara uku da rabi, bai ci ba bai sha ba. Darasin da ke nan shi ne, ko da farashin kati ya ragu da kashi ɗaya cikin uku a Amurka, faɗuwar naira ta shekara guda tana iya shanye rangwamen har da ƙari.

Shinge na biyu wuta ne, kuma shi ne samari suka fi mantawa idan suna lissafi. Ana auna cin wutar na'ura da wat: cajar ƙaramar waya ba ta wuce wat 10 zuwa 20, PlayStation 4 ba ta cika haura 150 ba, amma RTX 4090 shi kaɗai yana jan 450, RTX 5090 kuma 575, idan aka haɗa sauran kwamfutar da allo ana maganar wat 700 zuwa 800 ko fiye. Ƙaramin janareton Tiger, wanda ake zuba wa man fetur gauraye da baƙin mai, wanda ke ƙugi a bayan rumfar mai cajin waya a kusan kowace kasuwar ƙauye, an ɗora masa dutse kada ya yi tafiya, iyakar ƙarfinsa ke nan ko ƙasa da haka. Da zarar wasa ya yi zafi kati ya ja wuta, zai shaƙe ya mutu, kuma wutarsa mai hawa da sauka takan ƙona kayan da suka fi shi daraja sau hamsin. Man da zai sha kuwa, tun da aka janye tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, litarsa ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Abin lura shi ne kuɗin wutar gwamnati ba shi ne cikas ba: a farashin naira 225 na rukunin A da aka sanar a Afrilun 2024, wasan awa huɗu da kwamfuta mai wat 800 bai wuce naira 720 ba. Amma rukunin A na layukan da ake ba alkawarin awa 20 a rana ne, ƙauyen da ke nesa da titin Katsina ko na Daura ba ya cikin wannan lissafi, a ƙasar da mutum fiye da miliyan 200 suke raba megawat dubu huɗu zuwa biyar. Sola ta kawo sauƙi na haƙiƙa, sai dai faifai da batir da inbata da za su riƙe irin wannan kwamfuta da dare wani jarin ne daban. Ga kuma zafin bazara da ke kaiwa digiri 40 a ɗakin kwano, ga ƙurar hunturu da ke toshe fankoki, kuma kati idan ya yi zafi da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone.

Data ma haka. Manyan wasannin yanzu da yawa sun haura gigabait 100, kuma kowane wata sai sun nemi a sabunta su, alhali hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Wasu suna ganin mafita ita ce wasa ta intanet, inda kwamfutar take can wata ƙasa tana zanawa, ana turo hoton kamar bidiyo. To amma fim ɗin 4K ma yana cin har gigabait 7 a awa guda, wasa ya fi haka, kuma tsakanin danna maɓalli da ganin sakamako sai saƙo ya je ya dawo. Kamfanin Google da kansa ya buɗe irin wannan hidima mai suna Stadia a 2019, ya rufe ta a Janairun 2023.

Akwai wata hujja ta rashin bukatar 4K ɗin da ta fi duk waɗannan sauƙin tabbatarwa, domin ido kawai take bukata. Idon mai lafiya yana da iyakar ƙanƙantar abin da zai iya rarrabewa, kuma bisa ma'aunin da likitocin ido suke aiki da shi, ɗigon talabijin mai inci 32 da 1080 yana ɓacewa gaba ɗaya daga nisan mita ɗaya da 'yan kai, na inci 55 kuwa daga wajen mita biyu. A gidan gem na ƙauye, talabijin tana kan teburin katako a jikin bango, 'yan wasa biyu suna kan benci gwiwa da gwiwa, wayar pad a miƙe tsakaninsu da allo, 'yan kallo sun yi dafifi a bayansu har bakin labule suna jiran wanda za a cire. Daga wannan benci, da za a musanya hoton 1080 da na 4K a tsakiyar wasa, babu wanda zai ɗaga kai. Abin da suke ji a jikinsu shi ne tsinkewar motsi da jinkirin pad, kuma waɗannan gyaransu ba ya bukatar miliyoyi.

Idan ana son hasashen yadda abin zai iso, yankin da kansa ya isa misali. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi shekaru yana nazarin karkarar da ta kewaye birnin Kano tun daga shekarun 1960, ya nuna yadda jama'a masu yawa suke rayuwa a kan ƙananan gonaki ba tare da sun bar ƙasa ta huta ba, ta hanyar zuba taki, da haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona guda, da riƙe sana'a ta biyu da cin rani. Mutanen da suka saba da wannan tsari ba sa jiran kowa ya mallaki abu kafin a amfana da shi: mutum guda ya sayi injin niƙa, ko garmar shanu, ko dish na kallon ƙwallo, sauran su biya kaɗan-kaɗan. Da wayar salula ta zo a 2001, layi kaɗai yana kai naira dubu ashirin, ta hannun masu lema da teburin buga waya ta shiga gari, sai da gasa ta yi zafi bayan shigowar kamfanin Glo a 2003 sannan ta fara shiga aljihun kowa. Wasan ma haka ya bi: PlayStation 2 ta fito a 2000 a kan dala 299, ta sauko zuwa 99 a 2009, ta daɗe tana ciyar da masu gidajen gem bayan Turai ta manta da ita, yau kuma PlayStation 4 ta 2013 ce take wannan matsayi. A bisa wannan, talabijin mai 4K ce za ta fara isowa saboda ƙwallo, sai PlayStation 5 ta hannu ta biyo baya a gidajen gem masu sola, kwamfutar wasa a ɗakin saurayi ita ce ta ƙarshe. Ko ta gidajen gem ɗin ma da ɗan jinkiri, domin PlayStation 5, wadda ta fito a Nuwamban 2020, maimakon ta sauko kamar magabatanta sai aka ƙara mata kuɗi a ƙasashe da yawa a 2022, kuma kayan hannu ba sa araha sai sabo ya karye.

Abin da ya kamata matashi ya tsare kansa daga gare shi shi ne sayar da abin da ke haihuwa don sayen abin da ke tsufa. A wannan yanki gona ba ta ƙaruwa, rabon gado ne yake ƙara tsaga ta, kuma wanda ya sayar da kasonsa da wuya ya sake samun kamarsa a garinsu. Tunkiya tana haihuwa, ragon da aka turke yana ƙara kuɗi har zuwa Babbar Salla, waken da aka ajiye da kaka yakan yi daraja kafin bazara, kati kuwa tun daga ranar da aka buɗe kwalinsa yake raguwa, kuma ranar da aka sanar da sabo sai ya faɗi gaba ɗaya. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, musamman idan an haɗa shi da bashi. Wanda ya ƙuduri buɗe gidan gem a matsayin sana'a lissafinsa daban ne, kuma sana'a ce ta halal matuƙar ya hana caca a kan wasa, ya kori 'yan makaranta a lokacin karatu, ya rufe idan an kira salla. Amma shi ma ya tuna cewa abokin cinikinsa wasa guda yake biya, ba ya ƙara ko sisi saboda yawan ɗigo, kuma da damina, lokacin noman farko da maimai, benci yakan zama wayam har la'asar.

Wanda kuma zuciyarsa ta kafe a kan kwamfuta, ya nemi wadda ke baya da zango biyu ko uku, mai tafiyar da wasa sumul a 1080, ya kuma zaɓe ta saboda aikin da za ta yi ban da wasa. Fifikon kwamfuta a kan PlayStation ke nan: katin da ke zana filin ƙwallo shi ne yake saurin haɗa bidiyon biki da na Maulidi, da tace fim irin na Kannywood, da zanen gini, kuma manhajar Blender ta zane mai motsi da manhajar Godot ta ƙirƙirar wasa duk kyauta ake sauke su, ba sa neman babban kati daga mai koyo. Ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Fasaha da ke Bichi ko na Kwalejin Noma ta Audu Bako da ke Dambatta da ya iya waɗannan, kwamfutarsa tana iya mayar da kuɗinta.

Sayen kayan hannu kuwa yana da ladubbansa, domin araha ba ta ado, kuma da yawa daga katunan da ke yawo a kasuwa sun yi shekaru suna haƙar kirifto dare da rana. Wanda zai shiga Farm Centre ko titin Beirut a Kano kada ya tafi shi kaɗai, ya nemi wanda ya san kan abin ya raka shi, kada kuma ya sayi biri a sama ta hanyar hoton da aka turo masa a WhatsApp. A soka katin a gabansa, a kunna wasa mai nauyi na aƙalla rabin awa, ya sa ido ko allo zai fitar da layuka ko ɗigon launi da ba na hoton ba, ya kasa kunne ko fanka tana gurnani, ya duba sukurorin baya ko an taɓa kwance su, sannan a rubuta masa rasit da kwanakin da zai iya mayarwa. Daga cikin kuɗin da ya tanada kuma ya ware na akwatin wuta mai kyau, wato ɓangaren da ke raba wa kwamfuta lantarki, da na sitabilaiza, ya ɗora akwatin kwamfutar a kan tebur ba a ƙasa ba, ya rufe shi da zane idan ba ya aiki, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu ya riƙa buɗe shi yana hure ƙurar fankokin duk bayan mako biyu.